Hannun Rariya

"Wannan ba gola ba ne, rariya ce!" in ji Lukuman mai sharhin wasanni, yana daka wa makirufo tsawa. "Ko ƙwai aka miƙa masa, sai dai a kwashe a ƙasa."

Gasar kwalejoji ce fa a Gwarzo, 'yan makaranta da ko kwabo ba a biyansu. Ƙwararrun birni in sun sha biyar, Lukuman cewa yake ƙaddara ce, don kada ya rasa kujera a motarsu. Ɗalibi kuwa wa gare shi? Ya yi ta yayata sunan golan, Haladu, a rediyo, ko abin da yaron ke karanta bai tambaya ba. Har yara suka riƙa bin sa a kasuwa suna "Rariya! Rariya!" Haladu ya haƙura da ƙwallo.

Rannan akuya ta gitta wa Lukuman a hanyar Gude. Babur gefe, shi gefe, goshi a tsage.

A wani asibiti a Kabo nas ta duba ta ce, "Sai an ɗinke. Ɗalibinmu zai yi maka."

Ɗalibin ya shigo, ya sa safar hannu, ya ɗauki allura.

"Sannu, Malam. Ka gane ni?"

Lukuman ya ɗaga ido. Da ya ga Haladu ne, sai ya fara mutsu-mutsu.

"Daure ka daina motsi," in ji Haladu, yana zura zare. "Kai ka shaida wa duniya, duk abin da na riƙe sai ya suɓuce."