Leda Guda ta Jinin Modibbo

Zinariya ta riga ta ɗaure wa Modibbo roba a damtse tana lalubar jijiya, sai tsohon ya tambayi wanda zai tsaya a kansa yau. Ta ce Dakta Murja ce. Ya zare hannunsa a hankali, ya fara laluben takalmansa da ƙafa.

Modibbo dattijon makiyayi ne daga Aujara. Ya daɗe yana fama da ciwon kai da jiri, idanu jajur, wanzamai sun kafa masa ƙaho har bayansa ya zama kamar rariya. Sai a wannan asibiti na Dutse aka gano jininsa ne ya yi kauri. Maganin shi ne a riƙa rage masa leda guda lokaci-lokaci a ɗakin gwaje-gwaje, inda Zinariya ke aiki.

Dokar ɗakin kuwa ba ta lanƙwasuwa. Likita ne zai faɗi yawan da za a ɗiba, kuma sai yana wurin za a soka allura. Dakta Abdurrahim da ya saba tsayawa ya tafi taro Kano. Ta waya ya ji sakamakon gwajin safiyar, ya ce kada a kuskura a bar tsohon ya koma gida da wannan jini, ɓarin jikinsa na iya shanyewa.

"Sai wani satin, 'yar nan," in ji Modibbo. "Shanu na jirana."

Zinariya ta san irinsu sarai, masu ganin mace ba ta wuce riƙe ludayi ba. Ta ɓoye takalmi ɗaya a bayan firij, ta ruga ofishin sabuwar likitar. Tana shiga ta ranƙwafa, ta dogara da sandar da babu ita, ta shaƙe murya: "Shanu na jirana, 'yar nan!" Ko shugaban asibitin ta kwaikwaya sai an riƙe ciki, amma Dakta Murja ko murmushi ba ta yi ba.

Ta dai ce a nemi jijiyar a hannun hagu, ta dama guduwa take yi. A kuma ba shi ruwa sosai, don ba lallai ne ya karya ba. Zinariya ta ce a ranta, lallai Dakta Abdurrahim ya yi dogon bayani a waya. Likitar ta jawo mayafinta har goshi, ta ce a ja labule a tsakiyar ɗakin.

Da labulen aka shawo kan Modibbo. Ya kwanta ya juya fuska bango. Likita ta shigo sumul ba ƙarar takalmi, ta zauna a ɗaya ɓangaren, inda take hango ledar da na'urar awon jini, ba ta hango mai jinin.

"Ki tambaye shi ko ya sha ruwan."

"Ki ce mata na sha."

"Ki tambaye shi ko yana jin jiri."

"Ki ce da waccan ba na jin komai."

Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, kowa na jin kowa. Zinariya ta zama tafinta daga Hausa zuwa Hausa, tana ɗan ƙara gishiri don a zauna lafiya. "Baba, likita na gaishe ka da jiki." Ya ƙara ƙura wa bango ido. "Likita, Baba ya ce yana godiya." Likitar ta ci gaba da duban leda. Zinariya ta ce a ranta, shi raini, ita girman kai, Allah ya haɗa su.

Jini na gangarawa baƙi ƙirin, a hankali kamar kunun da ya kwana. Leda ta wuce rabi sai zufa ta keto wa tsohon. Leɓɓansa suka yi fari, kansa ya langaɓe.

Kafin Zinariya ta buɗe baki an fizge labulen. Dakta Murja ta tsayar da jinin, ta ɗaga ƙafafunsa bisa matashi, ta sa aka rataya ƙarin ruwa. Ta riƙe wuyan hannunsa tana bin bugun, tana ƙirgawa tana sake ƙirgawa. Zinariya ta ce a ranta, sabuwar likita ke nan.

Can Modibbo ya buɗe ido. Ya dubi hannun da ke riƙe da shi, ya jawo jelar rawani ya rufe fuska. Ita kuma ta sake shi da sauri kamar ta taɓa murhu, ta koma bayan labule, ta ce abin da aka ɗiba ya isa na yau, a sake gwaji bayan ya huta.

Da la'asar kai ya sake shi, ido ya washe. Ya sa wa Zinariya albarka har jikokinta da ba a haifa ba. Ya gode wa mai shara, ya gode wa mai gadi, ya karɓi takalminsa bai tambayi inda ya yini ba. Likitar na tsaye a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Ya wuce ta kamar ya wuce turken wuta, ya hau adaidaita.

Zinariya ta cika fam. Ta bi likitar har ofis.

"Haba, Dakta! Ke kika ceto mutumin nan, amma ko sannu! Waccan, waccan, sai ka ce karsana. Wallahi ko sunanki bai sani ba."

Sai a lokacin Dakta Murja ta yi dariya, tana share ido da bakin mayafi.

"Ya sani, Zinariya, shi ya yanka ragon sunan. Furta shi ne ba zai yi ba har abada. Ni ce 'yar farinsa."