Buhu Shida da Buhu Biyar

Taubashiyata Tasalla, sai da aurenki ya mutu kika tuna ƙofar gidana, ni da kike kira Sarkin Surutu a gaban baƙi. Na yafe, mu manya ba ma riƙo. Kin ce tare kuka gina gidan nan da tsohon mijinki, tare kuma kuka tara kuɗin ritaya. Yanzu ya ce shi ya riƙe gida, ke ki kwashi kuɗin, wai a takarda ma sun ɗara gidan daraja. Ajiye biron nan tukuna ki ji misali.

Wani manomi ya rabu da matarsa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda da jarinta aka noma gonar a wannan shekara. A ɗaki akwai buhu biyar na ɓararriyar gyaɗa da buhu shida masu ɓawo. Gogan ya tara dattawa, ya gyara zaman hula, ya ce shi ba ƙaramin mutum ba ne, ta ɗauki shidan, biyar sun ishe shi. Dattawa suka hau sa masa albarka. Matar kuwa ta miƙe. Ta ɗebo kwano guda daga cikin shidan, ta zauna a gabansu ta ɓare, ta sheƙe, iska ta tafi da nata rabon. Abin da ya rage bai kai rabin kwano ba. Ta ce, "Malam, kai ne babba, babba kuwa shi ke ɗaukar mai yawa. Bar mini biyar ɗin." Gogan ya hau tari. Ƙarshenta dai ɓararriya da mai ɓawo, kowacce biyu aka raba ta.

Haraji shi ne ɓawon, Tasalla. Ba ya nuna kansa a takardar rabo, sai ranar cirar kuɗi ko ranar sayar da gida yake sallama. Nemi wanda ya san dokarsa ya ɓare miki duka biyun, ki ga tsabar kowanne kafin ki sa hannu, kada ki tsufa a ɗakin haya kina gadin ɓawo. Matar nan kuwa kakarmu ce, ni da ke. Ni na gaji wayonta, ke kika tsira da tsiwar. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.