Takarda Mai Layi Huɗu

Tsohon shugaban ma'aikata ya buga takardar sallamarsa a kan teburin wata matashiyar lauya.

"Shekara ashirin da takwas ina yi wa kamfanin nan bauta, sai su kore ni da layi huɗu kamar kare? Kotu za mu."

Lauyar ta karanta, ko kujera ba ta nuna masa ba. Tun shigowarsa take masa kallon hadarin kaji, shi kuwa ya ɗauka rashin kunyar yaran zamani ce.

"Kotu ba za ta yi maka komai ba. Wanda ya tsara takardar nan ya toshe kowace kafa."

"Ko wane ne, marar imani ne. Allah ya isa tsakanina da shi." Sai muryarsa ta karye. "To yanzu me zan yi, 'yata? Wa zai ɗauki mai furfura aiki?"

"Ni ba 'yarka ba ce."

Ta jawo durowa, ta fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta ajiye kusa da tasa. Layi huɗu ne, babu kalmar da ta bambanta. A sama sunan wani direba ne da ya manta fuskarsa. A ƙasa kuwa ga sa hannun shi kansa tsohon shugaban raɗau.

"Babana ne. Shi ma ya tambaye ka me zai yi, ina tsaye a bayansa da kayan makaranta."

Ya ɗago kai daga kan takardar. "Me na ce masa?"

Ta mayar da takardar, ta rufe durowa.

"Cewa ka yi ya ja maka ƙofa in ya fita."