Ƙyallen da Aka Aika Teku

Kullum in Malam Ishaq ya kishingiɗa bayan azahar, sai ya ji ƙyalle yana kaɗawa a kan kwanon ɗakinsa, faf-faf-faf. In ya fito ya duba, babu shanya, babu iska, ko ganyen dalbejiya ba ya motsi. Tun ranar da aka kawo labarin ɗansa Zailani abin ya soma. Bai gaya wa kowa ba, don unguwarsu ta Zongo ba ta rasa masu cewa tsoho ya taɓu.

Zailani autansa ne. Yaron da aka haifa a Wagadugu, garin da babban ruwansa baraji ne, wato madatsar ruwa, shi ne ya tashi ya ce shi sai teku. Ya bi motar albasa zuwa Lome tare da abokinsa Hamadu, suka haɗa hannu suka mallaki ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya, suna fita kamun kifi bi da bi. Amma filafili ba ya kai mutum nesa, kifin kirki kuwa yana can ciki. Sai Zailani ya bugo waya telesantar unguwa, shagon da ake zuwa buga waya da amsawa, aka kira masa uban.

"Baba, farin yadi mai kauri nake so, irin na shagon Sharu Bakano. Zan ɗaura shi a gora iska ta riƙa tura ni. Yadin kawai za ka aiko fa, akwai tela a nan."

Wannan "akwai tela" ta yi wa tsohon ciwo. Shi da daga Zongo har unguwar Widi aka san hannunsa? Shi da ake zuwa nema a guje, a tashe shi ko yana tsakiyar cin tuwo, kuma bai taɓa ɗinka wa wani abu ya dawo da ƙorafi ba? Ya sa yaron ya faɗi awo. Ya zauna a zauren masallaci inda ya saba aiki, ya haɗa falle huɗu da allurarsa, yana ɗinki yana addu'a, ya ba direba ya kai.

Da farko sai murna. Zailani ya bugo yana dariya, wai kwalekwalen yana gudu kamar babur ɗin mobilet, yana kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Damina na faɗuwa aka daina jin muryarsa. Wata safiya ya fita, iska ta taso, bai dawo ba. Daga baya ruwa ya turo kwalekwalen a kife, ƙyallen yana rataye a gora gunduwa-gunduwa.

Ba gawa, ba kabari. Wannan ne ya fi cin ran Malam Ishaq, ɗansa na cikinsa ya tafi babu sutura.

Direbobi kuwa ba su iya kawo kaya kawai ba, sai sun haɗa da magana. Suka ce ƙyalle sabo ba ya rabuwa haka nan, wuƙa aka sa masa. Suka ce ranar ma Hamadu ne da fita, ya ce kansa na ciwo. Da Hamadu ya dawo Zongo ya kawo jakar Zailani, riguna, carbi, rediyo, amma ban da ƙyallen. Ikilima, yayar Zailani, ta rantse ta hango shi a naɗe ƙarƙashin gadonsa. Mutane suka daina amsa masa sallama, gidan da yake neman aure suka rufe masa ƙofa. Hamadu bai kare kansa ko sau ɗaya ba, ya rame kawai yana bin bango.

Tsohon ya tsane shi, ba ya ma ɓoyewa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya san hannun da ya kashe masa ɗa. Ranar da faf-faf ɗin ta biyo shi har cikin sahun la'asar, yana sallamewa ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan su Hamadu.

"Fito da shi."

"Baba, don Allah ka bar ni da zargin. Na iya ɗauka."

"Ko ka fito da shi, ko mu haɗu a komisariya gaban 'yan sanda."

Hamadu ya jawo ƙunshin, ya shimfiɗa a tsakar gida. Warin gishiri ya tashi. Malam Ishaq ya durƙusa ya soma neman sawun wuƙa. Ya bi falle na farko da yatsa daga baki zuwa baki, lafiya lau. Na biyu ma haka. Duka huɗun ko yagewa babu, kowanne yana nan yadda almakashi ya bar shi, sai ramukan allura a jere, wayam.

"Na ce masa a kai wa tela ya bi da keke," in ji Hamadu, yana kuka. "Ya ce hannun babansa ne, ba mai taɓawa."

A gefe guda ɗan zare ya saura. Tsohon ya kama bakinsa ya ja a hankali, zaren ya zame ya fito gaba ɗaya, babu abin da ya riƙe shi. Tun yana saurayi Malam Ishaq bai taɓa ɗinka komai ba sai likkafanin mamatan Zongo, likkafani kuwa ba a ƙulle masa zare.