Ranar da Baba Ya Rage Muryar Shugaba

Ina da shekara tara lokacin da aka rantsar da sabon shugaban Masar. A unguwar Darrasa ta Alƙahira muke zaune, inda Baba yake karatu. Gas ya yi wuya a gari, namu kwana huɗu ke nan da ƙarewa, sai burodi da shayin da maƙwabciya ke dafa mana.

Da shugaban ya fara jawabi a talabijin, Baba ya tashi ya rage murya har sai bakin mutumin kawai ke motsi.

Na ce, "Baba, ba ma ji."

Ya ce, "Yi shiru, Mamana. Mai gas nake saurare."

Masu gas a Alƙahira ba sa talla da baki, ƙarfe suke bugawa a jikin tukunyar gas. Muka yi tsit. Can daga nesa muka jiyo bugun. Baba ya sungumi tukunyarmu ya sauka bene ko takalmi babu.

Da ya dawo, da hannu ɗaya yake riƙe da ita. Umma na kallonsa ta gane babu komai a cikinta.

Har yau in wani shugaba ya fara jawabi, kunnena taga yake tafiya.