Alwalar Moro

Moro ya fara alwala da ƙafar hagu. Daga nan ya wanke gwiwa, ya shafi ciki, ya kurkure baki ya fesa wa kazar maƙwabta, sannan ya ɗago yana murmushi.

"Mma, na gama."

Hamdia ta dafe kai. A duk layinsu na unguwar Maamobi ba mai kiranta da sunanta, Mman Moro kowa yake cewa, har ta saba. Yau kuwa sunan ya yi mata nauyi. Ta yaya za a ce Moro, da girmansa, bai san farkon alwala ba? In unguwa ta ji, a ina za ta sa fuskarta?

Ta karɓe butar ta ce a sake. Ya sake, wannan karon ya fara da kunne.

Abin haushin, ita kanta ba ta da tabbas. Ta san ba da kunne ake farawa ba, amma da ya tambaye ta ko hanci ne ke gaba ko fuska, sai ta kama taɓa giɓin haƙoranta da harshe. Makarantar Malama Zuhura tana nan bayan gidansu, ana jin karatun yara ta katanga, amma Hamdia ba ta taɓa yarda ta zauna a ciki ba. An yi lallashi, an yi faɗa, ta ce ita tana da ayyukan gabanta.

Washegari da yamma ta yafa mayafi ta kai kanta. Ta zauna can ƙarshen tabarma cikin yara, ta ce wa Malama ita ba karatu ta zo ba, alwala kawai za a nuna mata ta tafi. Malama Zuhura ta juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunta suna rawa, sannan ta ɗauko buta.

Kwana uku Hamdia tana tsaye a kan Moro. Rana ta huɗu ya yi alwala tsaf daga hannu har ƙafa. Ta ba shi rabin ƙosanta lada.

Sai ga wata sabuwa. Suna shan koko da safe ya ce, "Mma, Magariba raka'a bakwai ne ko tara?"

Kokon ya sarƙe ta. Ta koma wurin Malama.

Haka abin ya riƙa tafiya. Ta gyara raka'o'i, sai ya tsaya a ƙofar bayi da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, yana kiranta ta zo ta gaya masa wacce ake fara sawa. Ta gyara wannan, sai ya zauna gaban tuwon zafi ya naɗe hannu, wai ya manta abin da ake cewa, har miya ta huce. In ya fara karanta gajeriyar sura, yana kaiwa tsakiya sai ya tsaya ya zuba mata ido, sai ta ƙarasa masa. Dole ta haddace Ƙulhuwallahu, ta haddace Falaƙi da Nasi, ta wuce har Tabbat, duk don kada ya tsaya inda ba za ta iya ɗauko shi ba.

Mutanen layi kuma ba sa taimakawa. Mai koko ƙara masa take yi ba a roƙa ba. Direbobin torotoro, motocin haya na tashar Circle, in sun hango shi sai sun rage gudu sun ɗaga hannu. Hamdia tana gani tana tsaki. Da sun san yadda take fama da shi a gida, da sun rage wannan shagwaɓawar.

Duka dai ba ta iya dukansa. Ta taɓa gwadawa da mafici, ya faɗi ƙasa yana ihu yana shure-shure har maƙwabta suka leƙo, ita ta ƙare da ba shi haƙuri.

Ran nan Malama Zuhura ta ce gobe duk 'yan makaranta za su je masallaci sallar La'asar, su ga yadda ake jam'i. Hamdia ta fara lissafi. A gida in Moro ya kauce tana kusa. A masallaci kuwa tana ɓangaren mata, shi yana can, ga jama'ar Maamobi duka da kunnuwansu.

Tun daga ƙofar gida ta riƙe hannunsa tana bita.

"Raka'a nawa?"

"Huɗu, Mma."

"Ban da waige. Ban da sosa ciki."

"To, Mma. In kuma ya yi ƙaiƙayi sosai paa?"

"Ka daure!"

Ta shiga ɓangaren mata, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Ladan Usaini ya fara iƙama. Ta leƙa ta gefen labule, ta hango Moro yana ratsa sahu, yana tafe a hankali kamar wanda bai taɓa fesa wa kaza ruwa ba. Zuciyarta ta ce mata tabbas ya manta. Malama Zuhura ta miƙo hannu za ta kama ta, amma ta makara.

"Moro! Huɗu fa! Kar ka kunyata ni!"

Wani tsoho a sahun farko ya fara tari mai kama da dariya, na kusa da shi ya kama, abin ya bi sahu. Ladan Usaini ya cusa bakin rawaninsa a baki.

"In sha Allahu, Mma," Moro ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Sannan Malam Moro, wanda ya shekara goma sha tara yana limancin masallacin nan, ya gyara tsayuwa a gaban jama'a ya ɗaga hannu zai yi kabbara, yana ta kokawa da dariya, yana gode wa Allah da dabararsa ta ci, 'yarsa Hamdia mai shekara shida, mai sunan marigayiya mahaifiyarsa, ta kama karatu a ƙarshe.