Layin da Gambo ya ja

Gambo ya shimfiɗa taswirar a gaban mota, ya danne gefunanta da duwatsu, sannan ya zaro zare daga aljihu. Kamfanin da zai yi titin Janfalan zuwa Saulawa yana da na'urorin awo iri-iri, amma shi Gambo, safiyon nasu mai awon ƙasa, ba ya yarda da hanya sai ya bi ta da zare ya ɗora a kan rula.

Hanya biyu ce. Ta arewa kilomita goma sha ɗaya, ba ta ci gonar kowa ba sai gefe-gefe. Ta kudu tara da rabi, kuma ta tsakiyar lambun Baffa Safiyanu ta ratsa, inda mangwaro sittin suke, da rake, da rijiya.

Lambun nan na mahaifin Gambo ne. Ranar sadakar bakwai, ba a ma gama rabon waina ba, Baffa ya ce wai wansa ya bar masa shi tun yana raye, ya kawo shaidu biyu waɗanda rantsuwa ba ta yi musu nauyi a baki. Gambo yana ɗan shekara goma sha biyu ya ga uwarsa ta koma yin surfe a gidajen mutane. Shekara ashirin da uku ke nan, ko kwana ɗaya abin bai huce masa ba.

Gajartar hanya kaɗai ba ta ishe shi ba. Sai da ya tono tsohuwar taswira ta zamanin En'e mai nuna burtalin shanu, don ya san duk wanda ya yi shuka a kan burtali ba shi da diyya ko ta sisi. Burtalin yana gabas da lambun da taku ɗari biyu. Fensir ne kawai ya ɗan karkace a hannun Gambo wajen kwafa.

"Ka tabbata, Malam Gambo?" in ji injiniyan kamfanin. "Lambun nan fa ya yi kyau."

"Yallaɓai, a nan aka yanke mini cibiya. Burtali ne."

Aka sa hannu, har da na Gambo.

A makon nan sau biyu Baffa yana aiko a kira shi. An ce tsohon ya samu kujerar Makka, yana ta bin gidaje neman gafara. Gambo ya yi dariya har da buga ƙafa. Wato dai ya ji ƙishin-ƙishin ɗin titi, zai fake da aikin Hajji ya roƙi arziki! Ƙanwarsa Hafiza ma ta yi ta kira daga gidan mijinta a Makarfi. Ya san ta da sanyin zuciya, ya kashe wayar ya jefa a jaka.

Ranar Litinin da hantsi katafila ta iso. Gambo ya tsaya a kan tudu, hannu a ƙugu, yana kallon mangwaron suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa fes. Aka murƙushe raken, aka ture ƙasa aka cike rijiyar. Abu guda ne ya rage masa daɗi: Baffa bai zo ba. Ya so ƙwarai ya ga fuskar nan, ya kuma tanadi abin da zai faɗa masa tun yana firamare.

Ana kiran azahar acaɓa ya tsaya a bakin filin. Hafiza ta sauko da takarda a hannu, mayafinta na jan ƙasa. Ta dubi jar ƙasar da ta miƙe fetal, ta dubi wanta.

"In roƙo ya aiko ki, kin makara," in ji Gambo.

"Wane roƙo, Yaya? Baffa ya ce ba zai hau Arfa da haƙƙin marayu a wuyansa ba. Tun ranar Juma'a ya mayar maka da lambun a gaban dagaci."